Neman Gwiwar Nasara a Arlit

Tun da muka dawo daga Arlit ban gama riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya ga Ilu ya wuce ta bakin kasuwa da jar ƙafa sai ya biyo ta shagona, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya ce in ba shi labari tun daga tushe. Na ba da shi har muryata ta dishe, kuma na lura kowa in ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Jiya ma wani ya rantse mini cewa daga jikin gawar wani janar muka ciro ƙafar. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a ƙyale ni in taka kekena.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Lawali, tela ne ni a Damagaram. Ilu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan da izinin kakanni na faɗe shi. Kafin motar gyaɗa ta kife da su a hanyar Matamai, babu ɗan langa kamarsa a unguwarmu. Langa kuwa, don waɗanda suka tashi a gidan da ake hana fita, wasa ne da kowa ke lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar ana bangazar juna da kafaɗa. Wanda ya faɗi, ko ya saki ƙafar ta taɓa ƙasa, mu a wajenmu sai a ce an kashe shi. Kowane ɓangare yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ƴan uwansa ke karewa har ya kai gida, in ya kai a ce an sha. Ilu ne ruwanmu tun yana saurayi.

Lokotoro ya yanke masa ƙafar dama sama da gwiwa, kafinta ya sassaƙa masa ta itace, miƙaƙƙiya sambal kamar taɓarya. Da ya warke, wata Juma'a da la'asar ya zo fili, ya kwance itacen ya jingine shi da bango, ya shiga da tsalle. Tsallen yana nan, har ya fi na da, tunda kaya sun ragu. Amma babu wanda ya taɓa shi. Ƙattin da a da suke neman karya masa haƙarƙari suka riƙa darewa suna ba shi hanya, ya kai gida shi kaɗai, aka ce an sha da irin muryar da ake gaisuwar rashi. Daga nan sarkin langarmu, tsoho mai kirki ƙwarai, ya kira shi gefe ya ce ƙa'ida dai ita ce a riƙe ƙafa, shi kuwa ba shi da ta riƙewa, itacen kuma ba ya lanƙwasuwa. Ya matsa masa wuri a tabarma ya ce su riƙa alƙalanci tare. Ilu ya zauna a tabarmar nan shekara da shekaru, yana ramewa, ana yi masa sannu. Ni kaina na daina tsokanarsa, kuma wannan ya fi komai yi masa zafi.

To kun ji abin da ya kai mu. Kowa a duniya yana neman ƙafar roba don ya taka ta, taubashina kaɗai ke neman wadda zai ɗage sama ya yi tsalle da ɗaya.

Wanda ya kawo labarin shi ne Agali, wani Ba'abzine direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke zuwa wajena in yi masa facin wando. Ya ga Ilu zaune ya miƙe itacensa ya tare ƙofar shago, ya dube shi ta saman rawani ya ce, "A Arlit wani nasara ya tafi, ya bar giwa. Giwa mai kyau. Yana lanƙwasa, yana miƙewa shi kaɗai."

Sai da muka daɗe muna tausaya wa dabbar da aka bari a hamada kafin muka gane cewa gwiwa yake nufi. Harshen Agali bai taɓa yarda da kalmar nan ba, kuma kowa da komai a wurinsa namiji ne, har matarsa. Ilu bai ci abincin kirki ba daga ranar sai da aka sa ranar tafiya. Goggo, mahaifiyarsa, ta ce ni zan raka shi, in kuma ya dawo da ko ƙwarzane ni za ta tuhuma. Ban san laifin da na yi wa matar nan tun ina yaro ba.

Lokacin kuwa kun san shi. Damina ta yi gardama, tawaye ya tashi a arewa, an kuma ce farashin uraniyom ya faɗi har kamfani yana sallamar mutane. Duk mai hankali kudu yake yowa. Mu muka hau bayan kamiyon Agali, kan buhunan gero, muka nufi arewa.

A bayan mota ne na san itacen Ilu dukiyar al'umma ce. Tunda ba ya naɗuwa, dole ya miƙe shi ta tsakiyar fasinjoji, kafin mu fita gari wani ya rataya butarsa a kai. Wani tsoho ya mai da shi matashin kai. A Tanut, da muka tsaya salla, Ilu ya kwanta a inuwar mota barci ya ɗauke shi, wata mata ta ga turke a ƙasa ta ɗaure akuyarta ta tafi sayen ƙosai. Akuya ta hango ɓawon kankana, ta ja, taubashina ya farka yana tafiya da baya a kan rairayi. Matar da ta dawo ba ta ba da haƙuri ba, cewa ta yi turken nan ba shi da nagarta. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, shi kuma ya ce in mun koma gida zai gaya wa Goggo.

Bayan Tanut gonaki suka ƙare, sai ƙasusuwan shanu a bakin hanya da mutanen da ke tahowa kudu da ƴan tabarminsu a kan jaki. Nan dariya ta ragu a motar. Na ji kunya ƙwarai a ce mutane na gudun yunwa, mu kuma muna tafiya neman abin wasa. Na faɗa wa Ilu haka, sai ya ɗebi ƙuli-ƙulin guzurinmu ya miƙa wa wasu da muka tarar a bakin rijiya, har da rabona.

A Agadas muka yi zaman jira, don a lokacin mota ba ta shiga hanyar Arlit ita kaɗai, sai an tara ayari sojoji sun raka. Muka sauka a tsakar gidan Agali. Abzinawa mutanen kirki ne, amma gaisuwarsu tana cin lokaci: a shafa tafi a janye, a sake shafawa a janye, ana tambayar gajiya da zafi da iyali, har ka manta hannunka naka ne. Maza ba sa buɗe baki a gaban surukai ko baƙi, sai su tura loma ta ƙarƙashin rawani, ba ka san ko mutum yana tauna ba ne ko yana zaginka. Ni da nake tela, duk rawanin da na gani sai in riƙa yanka shi a zuci, riga da wando har da hula. Shayinsu kuma a wani ɗan kofi ake ba ka da bai fi ƙwan zabo ba, ana dafa shi rabin yini. Mu a gida in an ce shayi, kofi ne da za ka tsoma burodi har wuyan hannu. Na kurɓe nawa gaba ɗaya na miƙa a ƙara, sai Agali ya ce a hankali, akwai na biyu da na uku, amma sai an jima.

Abincin da ya fi ba ni mamaki shi ne tagilla. A kwaɓa garin alkama, a tone rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi a binne shi, in ya nuna a tono a yi ta mari ana kakkaɓewa. Suna cewa in gwani ya yi ba a jin ƙasa ko kaɗan. To ko dai ban gamu da gwani ba, ko kuma haƙoran Abzinawa sun daɗe da yin sulhu da yashi.

Ranar da ayari ya tashi, motar soja a gaba, wata a baya, kowa ya kama addu'a. Mun wuce ta kusa da Anu Araran, inda ake tono gawayi daga ƙasa ba tare da an ƙona ko icce ɗaya ba, ana yin wutar lantarki da shi. Turakun wutar suka bi hanya tare da mu har Arlit, suna wucewa ta kan tantunan makiyaya da ko fitilar ƙwai ba su da ita. Can gaba muka iske shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko da kardantite, wato katin shaida, a hannu.

Wani saje mai jajayen idanu ya hango abu dogo naɗe cikin wando ya leƙo ta gefen kamiyo. Ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga, ya ce a sauko da abin nan a hankali. Aka sauko da shi tare da mai shi. Saje ya ƙwanƙwasa itacen, ya saurara, sannan ya tambayi abin da zai kai gurgu da tela Arlit a wannan zamani. Kafin mu buɗe baki Agali, don ya taimaka, ya ce, "Giwa za su ɗauko. Na nasara. Yana ɓoye a wurin maƙeri."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ashe a zaton saje giwa sunan wata babbar bindiga ce da ƴan tawaye suka laƙaba mata. Aka ware mu gefe a rana, aka kira wani mai igiya a kafaɗa. Na yi ta nuna gwiwata ina bubbuga ta, ina cewa wannan, wannan, har ta yi tsami. Mai igiyar ya ce to in gwiwa ce, me mutum zai yi da gwiwa tun daga Damagaram, alhali ga shi yana tafiya da itacensa lafiya lau. Ilu ya ce langa zai yi. Sai ya kwance itacen ya miƙa wa saje ya riƙe, ya zagaye shingen da tsalle, ya haye buhun yashinsu ya sauko. Ayari duka suka leƙo suna kallo. Mai igiyar, ashe mutumin Tasawa ne, ya ce shi ma ya yi langa yana yaro, ya ɗage ƙafa zai gwada, ya tuna da mutanensa na kallo ya mayar da ita. Ya ce mu tafi, mahaukata ba sa tawaye.

Arlit gari biyu ne a wuri ɗaya. Akwai gidajen kamfani, masu famfo da ƴan itatuwa da motocin bas da ke kwasar ma'aikata. Akwai kuma bukkoki, inda aka yi ɗakuna da gwangwani da kwali da tabarma, nan waɗanda aka sallama suke, tare da makiyayan Gugaram da fari ya cinye musu dabbobi. A bukkoki ruwa sai motar ruwa ta zo, kuma ba ta da rana. Kowace mace kunnenta yana waje, bidonta, wato jarkar ruwa, yana bakin ƙofa. Komai na garin daga juji na kamfani ya fito. Ƙofar gidan da muka sauka ƙofar bas ce, har da gilashinta mai ɗagawa.

Mai masaukinmu Malam Bitrus ne, Kirista mutumin Maraɗi, wanda ya yi wa nasaran kuku. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya nuna mana gabas tun ba mu tambaya ba, ya ce butar baƙi daban take. Ran Lahadi sukan taru a wani ɗakin kwano su yi waƙa, su kaɗan ne, amma kwanon yana taimaka musu. Mutumin ya san girkin nasara iri-iri, sai dai babu kayan yi, don haka kullum makaronin Aljeriya muke ci da miyar kuka, ya jera mana cokali mai yatsu a dama da hagu. Makaroni da kuka abu ne mai santsi biyu, in ka kama shi a kwano ka yi aiki.

Shi ya ba mu tarihin ƙafar. Nasaran injiniya ne, ya rasa ƙafarsa a kan wani dutsen ƙanƙara a ƙasarsu, kuma bai ɗauki darasi ba. Yana da ƙafar zuwa ofis, yana da ta hauka. Ran hutu sai ya ɗaura ta haukan, ya hau tudun rairayi, ya ɗaure katako a ƙafafu ya sulalo har ƙasa, ko ya hau moto, wato babur, ya riƙa tashi sama yana dirowa, Malam Bitrus yana daga ƙasa riƙe da ruwan sanyi yana kiran sunan Ubangiji. Da aka fara ƙwace motoci a hanya, nasara ya tattara ya tafi cikin gaggawa, ya bar ta a sito. Malam Bitrus ya adana ta har ranar da tukunya ta ƙi tafasa, sannan ya ba wani maƙeri ya karɓi gero.

Maƙerin sunansa Gumur. Muka iske shi a rumfarsa, muka kuma iske ƙafar tana aiki. Ya kafa ta cinya a ƙasa, tafi a sama, da takalmin ƙwallonta, ya ɗaura ta a zugazuginsa. In ya danna tafin sai gwiwar ta lanƙwashe iska ta fita, in ya saki ta miƙe da kanta. A bayan gwiwar akwai wani ƙarfe irin na ƙafar moto ta baya, rasor suke ce masa, shi ke mayar da ita. Ilu ya tsaya yana kallo kamar an nuna masa amarya. Na taka masa ƙafa don ya ɓoye zumuɗi, na manta ta itacen na taka.

Gumur ya ce ba ya sayarwa, giwan nan ya fi ɗansa biyayya. Muka yi ta sintiri muna shan shayin da ba ya ƙarewa. A ƙarshe ya yarda a kan abu biyu. Zai karɓi itacen Ilu, don itace mai kyau ya yi wuya a Arlit kuma yana son ya fitar da sirdin raƙumi daga ciki. Sannan tela zai ɗinka wa iyalinsa kaya. Ban san iyalin maƙeri ya haɗa da surukai da maƙwabta da wata tsohuwa da babu wanda ya san dangantakarta da su ba. Aka aro mini wani keke mai tari, na duƙa a rumfar gwangwani har bayana ya sandare. Wanda ke son ƙafa yana kwance yana shan shayi na uku, ni ina biya.

Sai aka zo gwaji. Nasaran dogo ne mai kaurin cinya, Ilu kuwa kun san shi. Gumur ya rage tsawon da zarto, ni na cika kwarmin cinyar da ƙyallayen da suka rage na ɗinkin dangi. Da aka ɗaura ya miƙe tsaye, sai muka lura ta hagu ce, shi kuma ta dama ya rasa. Gumur ya dubi sawun da ya bari a ƙasa, hagu da hagu, ya ce babu laifi, in sojoji sun bi sawu za su ce mutum biyu ne, kowa ya ɓatar da ƙafa ɗaya. Ilu ya zo zai tsuguna, ya danne gwiwar da ƙyar, ya miƙa hannu zai karɓi shayi, sai ta kuɓuce ta harbi butar ta faɗa cikin wuta.

Nan matsala ta fito. An yi gwiwar ne don ta ture mutum sama in ya diro daga tudu, ba don a naɗe ta a riƙe ba. In Ilu ya kamo tafin ta baya, sai ta riƙa ja kamar ɗan maraƙi. Gumur ya ce zai iya cire rasor ɗin ta zama laƙwas, ko da ɗan yatsa ya riƙe ta. Ni kuma na kawo tawa dabarar: zan ɗinka masa wata ƴar maɗauki a bayan wando, ya saƙala tafin a ciki ya ɗora hannu kawai, babu wanda zai gani, kuma har abada ba za ta taɓa ƙasa ba. Na ɗauka zai gode mini.

Ya ce, "Lawali, in ƙafar da ba ta faɗuwa nake so, ai da ban rabu da itacena ba. Ku bar mata ƙarfinta."

Ya yi ta koyon riƙo a bayan rumfa har tafin hannunsa ya yi kanta. A Arlit kuwa akwai langa, don mutanen kudu da aka sallama ba su da abin yi bayan la'asar, sukan taru a wani fili da ke bakin bukkoki. Alƙalinsu wani tsohon mai gadi ne mutumin Mirya, Baba Tanko. Ilu ya je ya gaishe shi ya ce yana son shiga. Na san in aka sake nuna masa tabarma a nan, ban san yadda zan mai da shi gida ba. Baba Tanko ya tsuguna ya lanƙwasa ƙafar don ya duba, ya saki, ta ɗauke masa hula. Ya ɗauko hularsa ya kakkaɓe, ya ce ƙafar da ke iya ƙwacewa ƙafa ce, ya shiga. Ɓangaren da ya samu suka ji ya taɓa zama ruwa a Damagaram, suka ce to ya zama.

A ɗaya ɓangaren akwai wani ƙato, tsohon mai fasa dutse a ramin kamfani, ana ce masa Na-Allah. Bai san Ilu ba, bai san motar gyaɗa ba. Mutanen Arlit kuma a lokacin kowa ya rasa wani abu, wani aiki, wani garke, wani ɗan uwa, babu mai rarar tausayi da zai ba baƙo. Ana busa usur Na-Allah ya nufo shi kai tsaye. Ilu ya goce, ƙaton ya wuce ya yi karo da nasa. Ya sake gocewa na biyu, ya bangaje wani siriri ya watsar, ya miƙi hanyar gida, jar ƙafa tana fizga a hannunsa. Ƴan kallo suka tashi tsaye, ni ma na manta da bayana, muka haɗa baki muna ihu, "Ga ruwa nan! Ruwa ya taho!"

Mun manta a inda muke. Kafin ka ce me, bukkoki ta fashe. Mata suka fito a guje da bido da bokiti da tukwane, tsofaffi da masu goyo, suka keto filin ta tsakiya suna neman mota. Ƴan langa suka cakuɗe da su, kowa ƙafa ɗaya a hannu, ana ta karo da bokitai. Ilu ya kauce wa wata, ya tsallake tukunya, saura ƙiris ya kai, sai Na-Allah ya ɓullo ta bayan wata mai bido biyu ya sa masa kafaɗa da dukan ƙarfinsa. Tafin ya kuɓuce, gwiwar nasara ta miƙe ta harba wani bokiti sama, taubashina ya yi ƙasa warwas.

Baba Tanko ya ɗaga hannu ya ce, "An kashe ruwa!"

Wata dattijuwa Ba'abziniya ta aje bidonta ta ce, "An kashe? Tun ba mu ɗiba ba? Wane ne ya kashe shi?" Aka nuna mata Na-Allah, ta bi shi da marfin tukunya. Sai da Malam Bitrus ya yi dogon bayani kafin suka gane ruwan mutum ne, ga shi can kwance. Ba su yi dariya ba, kuma suna da gaskiya. Baba Tanko ya yanke hukunci cewa in an tashi, duk ɗan langa zai ɗauki bido biyu ya je famfon bakin gidajen kamfani ya cika ya kawo, har da telan da ya fi kowa ihu.

Na ruga wajen Ilu ina tunanin abin da zan gaya wa Goggo, don goshinsa ya fashe, bakinsa cike da yashi. Na tarar mutanen ɓangarensa sun riga ni, kuma ba sannu suke yi masa ba. Ɗaya yana cewa wane irin ruwa ne wannan da zai tsaya kallon mata, wani yana cewa hannunsa na tuwo ne, an ba shi amana ya zubar, zagaye na gaba ba shi ne ruwa ba. Ilu yana zaune a ƙasa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, yana dariya, hawaye na wanke masa ƙurar fuska. Ya kamo rigata ya jawo ni ƙasa ya ce, "Ka ga yadda ƙaton nan ya buge ni? Ko tausayi babu. An kashe ni, Lawali."

Na ce masa ai ka kasu, kuma mummunan kisa, ragon banza. Rabona da in zage shi tun kafin haɗarin. Na juya baya na yi kamar yashi ne ya shiga mini ido, amma gaskiya kuka nake yi, na murna.

Dawowa ba ta da labari, sai dai saje ya gane mu ya tambayi lafiyar giwa. Sarkin langarmu ya duba ƙafar, ita ma ta gaishe shi yadda ta saba, ya ce ƙa'ida ta cika. Saura ku, ku da kuke cika mini benci. Da yawanku kuna cikin waɗanda suka dare suka ba shi hanya a waccan Juma'ar, na san kuma da kyakkyawar zuciya kuka yi. Ran Juma'a mai zuwa zai fito fili. Ban kai shi Arlit na dawo da shi, na ɗinka wa dangin maƙeri kaya kyauta, don ku sake yi masa sannu ba. In kuna ƙaunarsa, ku sa kafaɗa ku kayar da shi.